Wasiƙa Zuwa Ga Matasanmu Na Greensboro A Kan Riƙe Lokaci

'Ya'yana da ƙannena,

Ina rubuto muku ne a kan abin da wasunku za su ce bai kai a ɓata takarda a kansa ba, wato yadda mutum zai riƙe ranakunsa da alƙawuransa a garin nan. Da ku nake, masu karatu a A&T da UNCG da kwalejin GTCC, da masu aikin dare a rumbunan kaya na wajen filin jirgi, da masu tuƙin Uber, da waɗanda ba su daɗe da sauka daga Yamai ko Maraɗi ko Kano ba. Yawancin yaranmu da na ga sun shiga wahala a nan ba malalata ba ne, ba kuma marasa tarbiyya ba. Mantuwa ce ta kayar da su.

A gida ba mu saba riƙe lokaci mu kaɗai ba, gari ne yake riƙe mana. Ladan zai tashe ka da asuba. Kowa ya san Juma'a kasuwar Wudil ke ci, Lahadi ta Mai'adua, ba sai an duba kalanda ba. In suna ko ɗaurin aure ya matso za a kawo maka goro, ana gobe a sake aiko yaro, ranar kuma maƙwabci ya ƙwanƙwasa maka ƙofa ku tafi tare. In ka manta, uwarka ba ta manta ba. Nan kuwa kowa ya ja ƙofarsa ya rufe. Abin da za ka samu shi ne wasiƙa guda a akwatin ƙofar gida, ko imel guda a cikin ɗari, da kwanan wata a jiki. Wanda ya aiko ya sauke nauyinsa, saura naka.

Kuma mantuwa a nan da kuɗi ake biyanta. Dokar Karolina ta Arewa ta ba mai gida damar cin ka tara in kuɗin haya ya makara kwana 5, dala 15 ko kashi 5 cikin 100 na hayar wata, duk wanda ya fi yawa. Wannan mai sauƙi ne. Mai ciwon shi ne takardar da ɗan sanda ya miƙa maka a bakin titi, mai ɗauke da ranar zuwa kotu. Ka cusa ta a aljihun mota ka manta, kwana 20 su wuce bayan ranar kotun ba ka je ba ba ka biya ba, sai kotu ta sanar da hukumar lasin tuƙi ta DMV, a ɗora maka dala 200, daga baya a dakatar da lasin tuƙinka. Wanda da mota yake ci da sha, ku faɗa mini ina zai sa kansa? In kuma ya ci gaba da tuƙi a haka, ya buɗe wa kansa sabon laifi. Rajistar mota duk shekara ake sabunta ta tare da harajinta, kuma sai an duba lafiyar motar cikin kwana 90 kafin ranar. Baƙon da ya sauya gida, kwana 10 doka ta ba shi ya sanar da hukumar shige da fice ta USCIS. Wanda ya samu katin zama na shekara 2 ta hanyar aure, cikin kwana 90 na ƙarshe ake so ya nemi a cire masa sharaɗi. Takardun haraji, 15 ga Afrilu. Ɗalibi kuma ya san shafin makaranta ba ya jin magiya, in an ce 11:59 na dare, to 11:59 ɗin ce.

Kan mutum ɗaya ba zai ɗauki wannan duka ba, ga aiki, ga karatu, ga kiran gida. Shawarata ita ce ku ɗora wa na'ura wannan kaya. Akwai manhajojin tunatarwa da yawa, kuma waɗanda za su ishe ku kyauta ne. Mai Windows yana da Microsoft To Do, da kalandar Outlook wadda makarantu da ma'aikatu da yawa ke amfani da ita. Mai Mac yana da Reminders tun 2012. Google Calendar yana nan tun 2006, yana buɗewa a kowace kwamfuta. Akwai Todoist ga mai son ƙari. Ba zan ce muku wannan ta fi waccan ba, domin na ga masu ɓata mako guda suna gwada manhaja bayan manhaja, suna sauya launi da ƙarar ƙararrawa, aikin kuma yana nan ba a taɓa ba. Ku ɗauki ɗaya ku zauna a kanta.

Na san abin da za ku ce: Kawu, ai muna da waya. Kuna da ita, kuma ku haɗa ta da kwamfutar don abin da kuka rubuta ya bi ku duk inda kuka je. Amma zaman tsara mako a gaban kwamfuta nake so ku yi shi. Waya gidan hayaniya ce. Tunatarwar biyan wuta za ta faɗo tsakanin saƙon WhatsApp na rukunin 'yan garinku da bidiyon TikTok, yatsa ya share ta tun ido bai karanta ba. A babban allo kuwa kana ganin wata guda a shimfiɗe, ka lura jarrabawa biyu da ranar likita sun haɗu a mako ɗaya tun da sauran lokacin gyarawa. Kuma a nan ne fom ɗin da za ka cike da imel ɗin da za ka amsa suke, in tunatarwa ta fito ba sai ka tashi neman komai ba. Wanda bai mallaki kwamfuta ba tukuna, akwai su kyauta a babban ɗakin karatu na gari da ke titin Church, sai dai ya tabbatar ya fita daga asusunsa kafin ya tashi.

Yadda ake rubutawa ya fi sunan manhajar muhimmanci. Kar ka rubuta "mota" kawai, domin ranar da ta fito ba za ka san me kake nufi ba, sai ka danna "an jima". Rubuta aikin da hannu zai iya yi: "Asabar 9 na safe, kai mota a duba ta, ɗauki takardar rajista." Wani masanin halayyar ɗan Adam Bajamushe, Peter Gollwitzer, ya nuna a bincikensa cewa wanda ya yanke yaushe da kuma ina zai yi abu ya fi cika shi a kan wanda ya tsaya ga niyya kawai. Kuma duk abin da ke da wa'adi, ka sa masa tunatarwa biyu, ɗaya ta ranar farawa, ɗaya ta ranar ƙarshe. Ƙararrawar da ta buga ranar da wa'adi ya cika ba ta taimake ka ba, labarin asara ta kawo maka. Takarda na shigowa hannunka, a tsaye ka shigar da ranarta kafin ka ajiye ta. Abin da ke dawowa, kamar haya da inshora da wuta, sau ɗaya ake saita shi ya riƙa maimaita kansa.

Sai dai kar ku cika ta da ƙararrawa. Wanda ya sa wa shan ruwa ƙararrawa, ya sa wa wanke kwano, ya sa wa kallon ƙwallo, cikin mako biyu kunnensa zai daina ji, ranar kotu ta buga ya share ta tare da sauran. Abin da rashinsa ke da tsada shi ke samun ƙara, saura su zauna a jeri shiru. Lambar banki da lambar shaidarku ta gwamnati kuwa, manhajar ba wurin ajiyarsu ba ce. Manyan ranaku biyar ko shida na shekara, ku kuma rubuta su a takarda ku manna a jikin firji. Domin manhaja ma tana iya mutuwa: Wunderlist manhaja ce da mutane da yawa suka dogara da ita, Microsoft ya saye ta a 2015, ya rufe ta a 2020.

Agogon ƙasar nan ma ba ya zama wuri ɗaya. Lahadi ta biyu a Maris ana tura shi gaba da awa guda, Lahadi ta farko a Nuwamba a mayar da shi baya. Shi ya sa tsakaninmu da Nijar da Najeriya awa 5 ne a lokacin zafi, awa 6 a lokacin sanyi. Magariba da ake yi wajen ƙarfe 5 a Disamba, a ƙarshen Yuni sai bayan 8:30. Babu ladan a titi, don haka ku sa lokutan salla a na'urarku. Ku sa kiran mahaifiya ma. Wani zai ce abin kunya ne na'ura ta tuna wa ɗa uwarsa. Ni ina ganin wata biyu ba a ji muryarka ba ya fi zama abin kunya.

Wasu kuma na cewa yawan tsari kamar rashin tawakkali ne, ai komai sai Allah ya so. Haka ne, sai ya so. Amma ku tuna ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da wa'adinsa ta sauka. "In sha Allah" ba ta hana a rubuta ranar.

In kun bi ta titin South Elm, ku shiga tsohon kantin Woolworth da ya zama gidan tarihi a 2010. Ranar 1 ga Fabrairu 1960 ɗalibai huɗu na A&T suka zauna a kan kujerun cin abinci da aka hana baƙar fata. Kowa na yabon ƙarfin halinsu, kuma sun cancanta. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne kantin bai sauko ba sai 25 ga Yuli. A tsakani ɗalibai sun riƙa karɓa-karɓa, wannan ya fito daga aji ya canji wancan, 'yan matan kwalejin Bennett na ciki, da aka tafi hutu kuma 'yan sakandaren Dudley suka ɗauka. Ba su da kwamfuta ko waya a aljihu, amma kowa ya san ranarsa da sa'arsa, kuma ya zo.

Roƙona gare ku, a ƙarshen makon nan ku kwaso duk takardun da ke aljihun mota da kan tebur da cikin jaka, ku zauna awa ɗaya ku shigar da ranakunsu. In kun gama naku, ku je wurin iyayenku da dattawan da Turanci bai zauna musu ba, ku duba nasu takardun ku shigar musu, ku sa tunatarwar ta riƙa zuwa wayarku ku ma.

Allah ya yi muku albarka, ya ba ku abin da kuka fito nema. Ku gaishe da mutanen gida in kun kira.

Wassalam,
Kawunku a Greensboro