Ruwan da Ke Bin Rariya: Darasin da Na Ɗauko Tsakanin Bodinga da Shagari

'Yan uwana ɗalibai, bari in fara da lissafi ɗaya da ya kamata kowa ya riƙe, ko da ba sashen aikin gona yake ba. Ruwan da kaurinsa ya kai milimita ɗaya, idan ya rufe hekta ɗaya, lita 10,000 ne. Ke nan manomin da ya cika hektar shinkafa da ruwa mai zurfin santimita 5 ya zuba lita 500,000 a ban ruwa ɗaya tak. Duron da muke tara ruwa a hostel lita 200 yake ci. Ku raba ku gani: duro 2,500.

Na san wannan lissafin tun a aji, amma bai shige ni ba sai lokacin da na tafi aikin sanin makama, na zauna gida Bodinga ina zirga-zirga zuwa gonar kawuna ta wajen Shagari. Shekara da shekaru yana noman rani, shinkafa a gangare, albasa da tattasai a tudu. Abin da na tarar shi ne, kafin watan Afrilu ya kai tsakiya ruwan rijiyar burtsatsensa ya ja baya, inji yana ta tari yana jan iska. Ga fetur kuma, tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 kowace jarka sai an yi shawara kafin a saya. A irin gonar kawu ruwa da fetur abu guda ne. Duk litar da ta malale banza, kuɗi ne ya ƙone.

Yankinmu damina gajera ce, daga Yuni zuwa Satumba, sauran watannin kuwa rana ke shan rabonta. Shi ya sa aka gina madatsun ruwa: Bakolori a 1978, Goronyo a kan gulbin Rima, da ƙaramar ta Shagari, duk ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Amma dam ba rijiyar da ba ta ƙafewa ba ce. Waɗanda ke cikin garin Sakkwato a 2018 sun tuna yadda ruwan Goronyo ya yi ƙasa sosai har hankalin jama'a ya tashi.

A duniya baki ɗaya, kusan kashi 70 cikin ɗari na ruwan daɗin da ɗan'adam ke ɗiba noma ne ke shanye shi. Shinkafa ce sarauniyar masu sha: a matsakaicin lissafi, kilo ɗaya na cin wajen lita 2,500. Don haka cibiyar binciken shinkafa ta duniya da ke Filifin, IRRI, ta yaɗa wata dabara mai arha, wato a riƙa barin gona ta tsane kafin a sake ba ta ruwa. Za ka sami bututun roba mai tsawon santimita 30, ka huhhuda ɓangaren ƙasa, ka kafa shi cikin fangali, ka kwashe ƙasar da ke cikinsa. Kullum ka leƙa. Ko saman ƙasa ya bushe, muddin ruwan cikin bututun bai sauka santimita 15 ƙasa da doron ƙasa ba, saiwa na sha, kada ka tada inji. In ya kai nan, sai ka cika zuwa santimita 5. Sharaɗi ɗaya ne ba a wasa da shi: daga mako guda kafin shinkafa ta yi fure zuwa mako guda bayan haka, ruwa ya zauna. Dabarar kan rage ruwa har kusan kashi 30 ba tare da amfani ya ragu ba.

Ranar da na kafa bututun, kawu ya daɗe yana kallona. "Kai ɗana, wanga abu mi za shi yi? Mu abin da munka gada, shinkafa ba ta son ganin ƙasa." Na ce, "Kawu, a ba ni fangali huɗu kawai, in sun lalace a cire a kuɗin makarantata." Ya yi dariya ya ce ai kuɗin ma shi ka biya. Ya dai ba ni. Biyu da ke ƙasa mai laka sun yi kyau, kuma mun tsallake ban ruwa sau da dama. Biyun da ke gefen jigawa kuwa na sha kunya, don yashi ba ya riƙe ruwa, kwana ɗaya bututu ya bushe ƙaf. Littafi bai yi ƙarya ba, ni ne ban duba ƙasata ba.

To ina kamfanoni a wannan magana? Suna ciki tsundum, kuma ba don tausayi ba. Kamfani na tsimin ruwa ne saboda jawo shi da tace shi da zubar da shi duk kuɗi ne. Ban ruwa na ɗigo, wanda ke kai ruwa gindin shuka ta siririyar mesa, kamfanin Netafim ne ya fara sayar da shi. Ya dace da albasa da tattasai, sai dai tsadarsa ta fi ƙarfin ƙaramin manomi shi kaɗai, kuma ruwa mai laka na toshe ƙofofinsa in babu matata. A ƙasar Meziko, Nestlé ta buɗe wata masana'antar madarar gari a 2014 wadda ke tara ruwan da ake fitarwa daga madarar kanta, tunda kusan kashi 87 na madara ruwa ne, ta tace shi ta yi aiki da shi. A hamadar Atakama ta ƙasar Chile, mahaƙar tagulla ta Escondida ta koma jawo ruwan teku da aka cire wa gishiri maimakon ta ci gaba da zuƙe na ƙarƙashin ƙasa.

Mu ma muna da ma'adinai: dutsen siminti a Kalambaina, inda masana'antar siminti ke aiki tun 1967, da dutsen fosfat na yin taki a wajen Dange da Shuni, maƙwabtanmu. Siminti ma darasi ne, domin tsohuwar hanya dama dutsen ake yi da ruwa kamar kunu kafin a gasa, sabuwar kuwa a bushe ake niƙa shi. Fosfat kuma sai an wanke shi, kuma duk mai wanki dole a tambaye shi ina ruwan wankin zai tafi. Mahaƙa ta kirki tana da tafkin da laka ke kwantawa, a maido ruwan a sake amfani da shi. Abin da ya faru a Anka da Bukkuyum a 2010, inda gubar dalma daga sarrafa dutsen zinari ta kashe yara fiye da 400, ya isa ya sa mu yi wannan tambayar tun kafin a kafa injin farko.

Abin da ya fi ci mini rai ƙarami ne, kuma a kan hanyata yake. Akwai wani wurin turara shinkafa da nake wucewa. Ana jiƙa shanshera a ruwan zafi, a sauke, a kwance ruwan ya bi rariya, yana wari, yana tara sauro a bayan gidajen mutane. Taku kaɗan daga nan mata na layi da jarkoki. Ruwan jiƙon ba na sha ba ne, amma in an bar shi ya huce ya kwanta a ramuka biyu, ya ratsa tsakuwa da yashi, zai iya shayar da itatuwa ko a kwaɓa ƙasar bulo da shi. Na gaya wa mai kula da wurin, ya ce, "Malam, zano muna mu gani nawa za shi ci."

Ban iya zana masa a ranar ba, ga ni da shekara biyu a poli. Yanzu shi ne aikina na kammala karatu. Ina neman mutum biyu, ɗaya daga sashen gine-gine don lissafin ramukan, ɗaya daga sashen kimiyyar gwaje-gwaje don auna ruwan kafin tacewa da bayanta. Mai sha'awa ya bar saƙo a ofishin ƙungiyar ɗalibai. Kuɗin mota zuwa Bodinga dai kowa ya riƙo nasa.