Zazzaɓin Dengi: Ƙwayar Raguwa Ce, Mu Ke Ba ta Masauki

'Yar'uwa, darasinmu na yau a kan zazzaɓin dengi ne, wanda galibi ake ɗauka maleriya ce. Ba baƙo ba ne a Nijeriya. Tun shekarun 1960 masu bincike suka gano ƙwayarsa a Ibadan, kuma a Nuwamban 2023 hukumar NCDC ta tabbatar da ɓullarsa a jihar Sakkwato.

Ki sani, ƙwayar nan raguwa ce idan ta bar jiki. Wani siririn maiƙo ne ya lulluɓe ta, in ya lalace ba ta iya kama kowa. Zafi yana lalata shi, haka sabulu da bilic. Shi ya sa a ɗakin gwaje-gwaje sai an lallaɓa ta: a sa ta cikin ruwa na musamman marar tsami, a daskarar da ita a sanyin digiri 70 zuwa 80 ƙasa da sifili. In an bar ta a zafin ɗaki, ƙarfinta sai ya yi ta raguwa.

To, ina take samun mafaka a waje? A jikin wani sauro baƙi mai ratsin fari, mai cizo da rana. Macen ta sha jinin mai ciwon, bayan kwana 8 zuwa 12 ta fara rabawa har ta mutu. Ba a shan dengi a ruwa, amma a ruwanmu mai tsabta sauron ke ƙwai. Mu nan Samaru da Sabon Gari, wace ce ba ta tara ruwa a randa ko duro? Ga tsofaffin tayoyi da gwangwanaye da damina. Ƙwan yana manne wa jikin mazubi, ya yi watanni a bushe bai mutu ba.

Don haka zubar da ruwa kaɗai bai isa ba. Duk mako ki goge cikin randar sosai, ki rufe ta ruf. Yaro mai barcin rana ki sa shi a gidan sauro.

In zazzaɓi ya zo da ciwon gaɓoɓi da na bayan ido, a je a yi gwaji. A ba da farasitamol da ruwa da yawa, ban da asfirin da ibufurofen, don suna ƙara zubar jini. Amai ba ƙaƙƙautawa, ciwon ciki mai tsanani ko jini a dasashi, ko da zazzaɓin ya sauka, sai asibiti nan take. Allah Ya tsare mana iyalanmu.