Gwara, Gurasa da Biri: Kwatancin Maganganun Azanci na Wayo da Basira a Rashanci, Ingilishi da Hausa

Tsakure

Muƙalar ta kwatanta wasu maganganun azanci na Rashanci da ke nuni ga wayo da basira da takwarorinsu na Ingilishi da Hausa, domin fito da haɗarin da ke cikin fassarar kalma da kalma.

1.0 Gabatarwa

Alaƙar Hausa da Rashanci ba sabuwa ba ce. A 1963 aka buga ƙamusun Hausa zuwa Rashanci a Mosko bisa jagorancin Olderogge, na Laptukhin daga Rashanci zuwa Hausa ya biyo baya a 1967. Sai dai ɗalibin fassara a Sakkwato yakan riski zancen Rashawa ne ta hannun Ingilishi, kuma a wannan zango na biyu ma'ana ke yawan salwanta.

2.0 Gogewa

Barashe na kiran wanda ya ga jiya ya ga yau "tyortiy kalach", wato gurasar da aka daɗe ana murza ƙullunta. Bature kan ce tsohon hannu, maganar da ke nuna daɗewa kawai. Kalmar "gogagge" ta fi dacewa, domin tushenta "goga" ne, kuma a harsunan biyu wahalar murza ce ke haifar da ƙwarewa.

3.0 Ƙin Ruɗuwa

Rashawa na cewa ba a yaudarar tsohon gwara da ƙaiƙayi. Turawa ma suna da irinta game da tsohon tsuntsu. Bahaushe kuwa ya ce ba a yi wa biri burtu. Burtu kan tsuntsu ne da maharbi ke ɗaurawa a goshi don ya kusanci namun daji. A nan an sauya dabba da dabara, amma hukuncin ɗaya ne: tarkon da aka gane ya tashi daga aiki.

4.0 Inda Fassara ke Tuntuɓe

"Sabaku syel" na nufin "ya ci kare", kuma yabo ne ga wanda ya naƙalci sana'arsa. Duk wanda ya faɗa wa malami haka a birnin Shehu ya yi zagi, domin kare ƙazanta ne a idon jama'a. Daidai ita ce a ce "ya san kan abin".

Akwai kuma matsalar ɗabi'a. Hausa ta raba wayo da basira. Wayo na Gizo ne da dila, yakan jingina da son kai, shi ya sa ake cewa wayon a ci, an kori kare daga gindin ɗinya. Basira da hangen nesa kuwa na dattijo ne, wanda ke hango abin da yaro ba zai gani ba ko ya hau rimi.

5.0 Kammalawa

Wajibi ne mai fassara ya fara tantance ko yabo ake yi ko zambo, sannan ya nemo hoton da Bahaushe ya sani. In ya saɓa wannan jeri, zai iya mayar da gwani mayaudari.