Ciwon tsakiyar kunne

A Gaya, in hunturu ya kama, yara da yawa suna yin mura. Wani lokaci murar ba ta tsayawa a hanci. Akwai wata siririyar hanya daga maƙogwaro zuwa tsakiyar kunne, bayan dodon kunne. Ta ƙaramin yaro gajera ce, a kwance take. Ƙwayoyin cuta suna bin ta da sauƙi.

Jariri bai iya cewa kunnensa yana ciwo ba. Sai ya kwana yana kuka, yana jan kunne, ya ƙi nono, jikinsa ya yi zafi. Uwa takan ce masassarar sauro ce, don ita aka saba gani a bakin kogi.

A gidan likita ana ɗibar ɗigon jini a yatsa, a duba masassara. Sa'an nan likita ya leƙa kunne da ƴar fitila. Lafiyayyen dodon kunne toka-toka ne, yana ƙyalli. Mai ciwo ja ne, ya kumbura, don mugunya ta taru a bayansa. In ya fashe, mugunya ta fito, zafi ya ragu. Wannan ba warkewa ba ce.

Likita yakan tambaya: "Inna, kwana nawa kunnen yake zuba?" In ya kai kwana 14, ciwon ya daɗe, yana iya kawo kurumta. In bayan kunne ya kumbura, sai babban asibiti, ranar nan.

Kafin a je likita, ba a ɗiga mai a kunnen, ba a sa gashin kaza ko tsinke.