Gurbin da Aka Bari Fayau Ba Sifiri Ba Ne

Ya ku iyaye mata da ku wakilan lafiya na garuruwa, wato rele, na Kurfai ta Tsakiya, darasinmu na wannan karo a kan takardar awon yara ne: yadda ake haɗa jimilla, da abin da ake yi da gurbin da babu lamba a cikinsa.

Ana auna damtsen yara masu wata 6 zuwa 59. Ja, ƙasa da milimita 115, tamowa ce mai tsanani. Ɗorawa, daga 115 zuwa 124, tamowa ce matsakaiciya. Tsanwa kuwa daga 125 ne zuwa sama. Yaron da ƙafafunsa biyu suka kumbura, aka danna na daƙiƙa 3 wurin ya lotsa, a kai shi likita a ranar, ko da awonsa tsanwa ne.

Takardar da rele ya cika takan je cibiyar lafiya, lambobinta su shiga rahoton wata, su isa gundumar lafiya ta Filinge, su wuce Yamai ta cikin manhajar DHIS2. Da irin waɗannan lambobi ake ƙiyasta yawan Plumpy'Nut da magungunan da za a aiko.

Sifiri yana nufin an auna yara, ba a samu ko ɗaya ba. Gurbi fayau yana nufin babu labari. To amma idan inji zai haɗa jimilla, duk biyun ba su ƙara kome, don haka jimillar takan fito kamar cikakkiya alhali da giɓi a cikinta.

Ga misali. Rele yana kula da garuruwa huɗu a kewayen Shikal. A gurbin ja, gari na farko 3, na biyu 0, na uku fayau, na huɗu 5. Inji zai nuna 8. Idan gari na uku yana da yara 4 a ja, ruwa ya hana a kai gare su, gaskiyar lissafi 12 ne. Za a yi tanadin yara 8, huɗu su rasa rabonsu, kuma a damina, kafin sabon hatsi ya shigo, tamowa ta fi yawa.

Saboda haka ku riƙe waɗannan ƙa'idodi:

1. In kun auna ba ku samu ba, ku rubuta 0.
2. In ba ku auna ba, kada ku rubuta 0, kada kuma ku ƙirƙiro lamba. Ku ja layi a gurbin, ku rubuta dalili a gefe: rashin hanya, tafiya ko rashin igiyar awo.
3. Ku rubuta jimilla tare da yawan garuruwan da suka ba da labari: "8, daga gari 3 cikin 4."
4. Ku gwada lissafinku. Tsanwa da ɗorawa da ja, in an haɗa su, dole su yi daidai da yawan yaran da aka auna. Kada ku ƙara mai kumburi a kan jimillar idan an riga an ƙirga shi a launinsa.

Ke kuma uwa, aikinki ne tushen wannan lissafi. A gundumar Mirya ta jihar Damagaram ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN suka nuna cewa uwa tana iya auna ɗanta da kanta daidai. Ki auna a gida, ki gaya wa rele launin da kika gani, ko da tsanwa ne. In ba ki samu damar aunawa ba, ki faɗa masa haka, babu kunya a ciki. In kin ga ja ko kumburi, kada ki jira ranar rahoto, ki kai yaron likita.

Kafin ku miƙa takardar wannan wata, ku bi ta gurbi-gurbi: kowanne ya zamanto da lamba, ko sifiri, ko layi da dalilinsa.