Wanda Ya Kwana Aiki, Yaushe Zai Yi Barci?

Ɗan'uwa mai karatu, wannan darasi na masu kwana a wurin aiki ne. In kai ba ka aikin dare, ka tuna da ɗanka ko ƙanenka da ya tafi Accra neman abinci. Ke kuma 'yar'uwa, wataƙila maigidanki ne, ko kuwa ke ce da kanki.

In ka tsaya bakin titin Nima ko Maamobi wajen ƙarfe biyar na yamma, za ka ga mutane kashi biyu. Wasu suna saukowa daga trotro, sun taso aiki. Wasu kuma yanzu suke fita. Akwai masu gadin gidaje da ofisoshi a Cantonments da East Legon, da ma'aikatan masana'antu a Tema da Spintex, da masu sayar da mai, da masu shara da masu jinya a asibitoci. Gadi kuwa tsohuwar sana'a ce a Zongo, tun zamanin kakanni.

Abin da ya kawo wannan magana

Wani mai gadi ya zo mini a ɗakin shan magani, shekarunsa sun kusa hamsin. Kukansa ciwon kai da jiri. Na gwada jininsa, na samu 170 bisa 100. Wanda jininsa ya kai 140 bisa 90 kuma ya zauna a nan, shi muke cewa yana da hawan jini. Na tambaye shi gishiri, na tambaye shi taba, sannan na ce, “Baba, awa nawa kake barci?” Ya yi dariya ya ce ai shi mai gadi ne.

Sai muka zauna muka ƙirga. Yana kama aiki ƙarfe 6 na yamma, ya sauka ƙarfe 6 na safe. Amma kwana uku a mako ba ya wucewa gida. Dole ya biya ofishin kamfaninsu ya sa hannu a littafi, ofishin kuwa ba ya buɗewa sai ƙarfe 8, mai riƙe littafin kuma sai ya ga dama yake zuwa. Ran Litinin akwai fareti da jawabin shugaba. In ya bar ofis ƙarfe 10, cunkoson motoci ya riƙe shi, ba ya shiga Nima sai wajen 11 da rabi. Ya yi wanka, ya ci abinci, ya kwanta bayan azahar. Ƙarfe 4 ya tashi shirin komawa. Awa uku ke nan, in ma ya samu barcin. Ga kuɗin mota na biyu da yake fita daga aljihunsa. Duk wannan wahala kuwa don sa hannun da ba ya ɗaukar minti ɗaya.

Na ba shi magani, amma na san ƙwaya kaɗai ba za ta gyara wannan ba.

Me ya sa barcin rana bai kai na dare ba?

Jikin mutum yana da agogonsa, kuma haske ne ke saita shi. In duhu ya yi, ƙwaƙwalwa takan saki wani sinadari mai suna melatonin, wanda ke gaya wa jiki lokacin kwanciya ya yi. In gari ya waye sai sinadarin ya ja baya, jiki ya ɗumama, ya shirya motsi. A Accra rana tana fitowa wajen ƙarfe 6 kusan duk shekara, wato daidai lokacin da mai gadi yake sauka. Shi yana neman barci, jikinsa yana shirin farkawa.

Don haka awoyin farko na safiya su ne jarin mai aikin dare. In ya kwanta ƙarfe 7 ko 8, gajiya za ta taimake shi ya samu awa huɗu ko biyar a jere. In aka ja shi har rana ta take, zafi ya sauko a kan kwanon ɗaki, yara sun dawo makaranta, maƙwabciya tana daka, barcin zai zama guntu-guntu. Wanda ya taɓa zama gidan haya a Nima ya san abin da nake faɗa, balle ran Laraba da kasuwa take ci.

Babban mutum yana bukatar barci awa 7 zuwa 9 a cikin awa 24. In ya daɗe ba ya samu, haɗarin hawan jini da ciwon sukari da ciwon zuciya yana ƙaruwa. Ciki yakan ɓaci, fushi ya yi kusa, mantuwa ta yi yawa. Mai farfaɗiya kuwa rashin barci yana iya tayar masa da ita ko da yana shan magani.

Akwai kuma haɗarin da ba ya jira. A 1997 masu bincike a Ostareliya sun gwada mutane, suka ga wanda ya yi awa 17 idonsa biyu, hannunsa da hankalinsa suna yin nauyi kamar na wanda ya ɗan sha giya. Yanzu ka ƙirga na wancan baban. Ya tashi ƙarfe 4 na yamma, ƙarfe 9 na safe ya cika awa 17, kuma a lokacin ne yake tsallaka titi ko yake kan babur. Shi kansa mai kamfani asara yake yi, domin mai gadin da bai yi barci da rana ba, a bakin ƙofa zai yi gyangyaɗi da dare.

Abin da doka ta ce

Mutane da yawa suna tsammani hutu alfarma ce daga shugaba. Ba haka ba ne. Dokar Ƙwadago ta Ghana ta 2003, wadda ake kira Doka ta 651, ta sa awoyin aiki na yau da kullum su zama 8 a rana ko 40 a mako, in ban da inda ita dokar ta keɓe. Sashe na 41 ya ba ma'aikaci hutun aƙalla awa 12 a jere tsakanin ranar aiki da mai bi mata. Sashe na 42 ya ba shi awa 48 a jere a cikin kowane kwana 7. Ka lura da kalmar “a jere”. Wanda ya sauka 6 na safe zai koma 6 na yamma, awa 12 ɗin ke nan cif. Duk kiran da aka yi masa a tsakani, daga cikin hutun nan aka gutsura.

'Yar'uwa, ki riƙe wannan. Sashe na 55 ya hana a sa mai ciki aikin dare tsakanin ƙarfe 10 na dare da 7 na safe sai da yardarta. Haka kuma ba a sa ta ƙarin awoyi, ita da mai goyon da bai kai wata 8 ba, sai in ta yarda.

Sassan hutun nan ba su haɗa da 'yan aikin gida da ke hidima a gidajen mutane ba. Su an yi musu nasu ƙa'idojin daban a 2020.

Yadda za ka kai kuka

A nan ne mutane suka fi yin kuskure. Wani zai haɗiye har ranar da ya cika ya batse, ya yi faɗa da shugaba a gaban jama'a, a kore shi. Wani kuma zai daina zuwa sa hannun kawai, a yanke masa albashi, ya rasa bakin magana.

Fara da rubutu. Nemi ƙaramin littafi, ka yi mako biyu kana sa lokacin da ka sauka, da lokacin da ka bar ofis, da lokacin da ka isa gida, da awoyin barcinka, da abin da ka kashe a mota. In ba ka iya boko ba, rubuta da ajami, ko ka sa ɗanka ya rubuta maka. Shugaba zai iya cewa kai rago ne, amma da wuya ya yi gardama da lissafin kwana 14.

Kada ka tafi kai kaɗai. Nemi abokan aikinka uku ko huɗu da abin ya shafa, ku daidaita bakinku a kan magana ɗaya. Kada ku cusa kukan albashi da na takalmi da na kaki a rana guda, domin za a amsa mafi sauƙi a manta da saura.

Sannan ku je da mafita a hannu. Sau da yawa wanda ya tsara lokacin sa hannu ba mugu ba ne. Ma'aikacin rana ne, ya duba lokacin da ya yi masa daidai, bai taɓa kwana a tsaye ba. Shi abin da yake so ya tabbatar shi ne kun zo aiki. To, ku nuna masa wata hanya. Mai zagayen dubawa da dare zai iya zuwa da littafin. Ana iya ajiye littafi a wurin aikin, mai sauka da mai karɓa su sa hannu tare. Ana iya aika saƙo ta waya. In taro ya zama dole, a sa shi da yamma gab da kama aiki, ko a yi sau ɗaya a wata a biya ku awoyin. Kuɗi kuma ana turawa ta waya ko banki, ba sai mutum ya yi layi da tsakar rana ba.

Ku fara da na kusa da ku cikin ladabi, a keɓe. In bai yi komai ba, ku rubuta takarda gajeriya, ku sa kwanan wata, ku riƙe kwafi. Malamin makaranta, ko liman, ko fasto, ko wani a fadar Sarkin Zongo zai iya taya ku rubutawa. In akwai ƙungiyar ƙwadago a wurinku, ku sa wakilinta a gaba. In duk an yi biris, akwai Sashen Ƙwadago na gwamnati, akwai kuma hukumar da dokar ta kafa don sasanta rikicin aiki, wadda ake kira National Labour Commission.

Ba zan ɓoye maka ba, akwai tsoro a ciki. Sashe na 63 ya ce korar ma'aikaci saboda ya shigar da ƙara a kan karya dokar nan kora ce ta zalunci. Amma neman hakki yana cin lokaci, yara kuma ba sa jiran hukuma kafin su ci abinci. Shi ya sa nake nanata tafiya tare da riƙe takardu. In ka yi wata 6 ko fiye a wurin aiki, doka ta ce yarjejeniyarku ta zama a rubuce. Nemi taka tun kafin wata matsala ta taso.

Kafin a gyara

Rataya baƙin zane a taga, ka toshe kunne da auduga. Daina goro da ataya da kofi tun wajen ƙarfe 2 ko 3 na dare, don kada su bi ka gida. Da safe ka ci abu mara nauyi kamar koko da ƙosai. In ka samu hali, ka ɗan runtsa kafin ka fita da yamma. Uwargida da yara su san cewa barcin safe na Baba ba lalaci ba ne, kada a tashe shi don baƙo.

Tramadol kuwa ka guje shi. Na san ana cewa yana ƙara ƙarfi. Gajiyar kawai yake rufewa, yana kama mutum ya kasa bari, yana kuma iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. In kana shan maganin sukari ko na hawan jini, gaya wa mai jinya aikin dare kake yi, domin a daidaita maka lokacin sha da na cin abinci.

Wancan baban ya dawo bayan wata biyu. Su biyar suka je da littattafansu. An yarda mai zagaye ya riƙa zuwa da littafin sa hannu, amma an ƙi taɓa faretin Litinin. Jininsa ya sauko zuwa 145 bisa 90, da magani da barci tare, kuma har yanzu muna bibiya. Kai ma in za ka zo gwajin jini, a wurinmu ko a Asibitin Maamobi ko inda ya fi maka kusa, taho da littafin barcinka mu duba tare.