Yadda Ake Cika Tankin Mutum-mutumin Gasa da Iska

Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen mai facin taya a Abala ko Filinge ya ga rabin wannan aiki: inji na tara iska a tanki, tiyo na kai ta taya. A gasar mutum-mutumi ta VEX, wadda ɗaliban ƙasashe da dama ke shiga, na'urar ba ta yawo da injin iska a jikinta. Ƙaramin tanki take ɗauka, a cika shi daga waje da famfon keke ko injin iska, da wannan iskar hannayenta za su kama su saki har wasa ya ƙare.

Ka fara da sanin iyaka. Dokar VEX ta tsaya a psi 100, kusan bar 6.9, ninki uku na iskar tayar ƙaramar mota. Gasar FIRST ta Amurka tana barin a adana har psi 120, amma abin da ke isa silindar da ke motsa hannayen kada ya wuce 60.

Sa tabarau na kariya. Rufe bawul ɗin fitar da iska, ka bi tiyoyin ɗaya bayan ɗaya kana jan kowanne a hankali. Wanda bai zauna ba yanzu zai fita, gara ya fita a hannunka. Goge bakin bawul ɗin shigar iska, irin na taya ne, domin ƙurar hunturu a Kurfai na iya hana shi rufuwa sarai. Idan da injin iska mai tanki za ka cika, zubar da ruwan da ya taru a ƙasansa, sannan ka saita ma'auninsa ƙasa da iyaka.

Yanzu haɗa tiyo, ka ba da iska kaɗan-kaɗan, idonka a kan geji. Tankin ƙarami ne, babban injin mai faci zai zarce iyaka kafin ka ɗaga yatsa. Shi ya sa ni na fi yarda da famfon keke mai geji, ko da gumi zai zubo.

Nan zafin ƙasarmu ke shigowa. Iskar da aka matsa tana ɗumi, in ta huce allura ta ɗan sauka, sai ka ƙara. Amma tankin da aka cika psi 100 a inuwa mai digiri 30, aka bar shi a rana ya kai 45, zai haura zuwa wajen 105, ka karya doka ba ka taɓa komai ba. Cika a inda za a yi wasa, ka bar ɗan rata.

Cire tiyon da sauri. Kasa kunne, ka shafa ruwan sabulu a mahaɗa, inda kumfa ta taso nan ke yoyo. Gwada silinda sau ɗaya kawai, kowane motsi iska yake ci. Bayan wasa, buɗe bawul iskar ta fita duka kafin kowa ya sa hannu cikin na'urar.